SABON IRIN WAKE DA MASARA: MU GWADA KO MU GUJE?

Duk inda muka je zagaye a kwanakin nan, kafin a gama taro sai wani ya ɗaga hannu ya yi tambaya a kan irin nan da ake kira GMO. Waɗansu sun ji an ce yana hana haihuwa. Waɗansu sun ji an ce yana kashe gona. Waɗansu kuma sun ji an ce wanda ya shuka shi ya rabu da talauci. Tun da yake kafin damina ta faɗi kowace jam'iyya za ta zauna ta yanke irin da za ta saya da kuɗin 'ya'yanta, mun ga ya kamata mu faɗi abin da muka sani, mu kuma faɗi namu ra'ayi a fili.

Mene ne wannan iri?

Tun zamanin kakanninmu manomi yana zaɓen iri. Yakan ware zangarniyar da ta fi kyau ya rataye, baɗi ya shuka. Masu binciken gona kuma sukan haɗa auren iri biyu na shuka ɗaya domin su sami wanda ya fi. Abin da ya bambanta GMO shi ne, ana ɗauko ɗan guntun ƙwayar halitta daga wani abu mai rai dabam, a sa shi cikin shuka domin ta sami wani hali da ba ta da shi a da. Tun 1996 ake noma irin waɗannan a manyan gonaki a Amurka da waɗansu ƙasashe.

Mu ɗauki wake, gama shi ne ya fi shafar mu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, duk da haka ba ya isarmu, sai mun ƙara da na Nijar. Babban abokin gāban wake shi ne tsutsar nan da masana suke kira Maruka. Ita ce take shiga fure ta cinye, ta huda kwanso ta ɓata 'ya'yan. A shekarar da ta yi yawa takan lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin. Masu bincike sun duba dubban ire-iren wake, ba su sami wanda yake iya tsare kansa daga gare ta sosai ba.

To, akwai wata ƙwayar halitta da take zaune cikin ƙasa, ana taƙaita sunanta Bt. Tana yin wani sinadari wanda in tsutsa ta ci sai ya ɓata mata hanji ta mutu. An daɗe ana yin maganin feshi da ita, har manoman Turai da suke ƙin magungunan zamani suna aiki da shi. Halin nan nata ne aka ɗauko aka sa cikin wake. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita ce ta yi aikin tare da masana daga Ostareliya. An fara gwaji cikin shinge a Samaru a 2009. Hukumar NBMA, wadda gwamnati ta kafa a 2015 domin ta kula da irin waɗannan abubuwa, ta ba da izini a farkon 2019. A watan Disamba na shekarar aka fitar da shi da sunan SAMPEA 20-T, a 2021 kuwa ya fara isa hannun manoma. Ghana ma ta fitar da nata irin waken a 2024.

Zancen lafiyar jiki

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun iyaye mata, kuma suna da gaskiya su yi ta, domin su ne suke dafa abin da yara suke ci. Sinadarin Bt yana aiki ne in ya sami wurin kamawa a hanjin tsutsa. Hanjin mutum da na akuya da na kaza ba su da wannan wuri, ruwan cikinmu kuma yakan narkar da shi kamar sauran abinci. A 2016 babbar majalisar masanan kimiyya ta Amurka ta tattara bincike wajen 900 da aka yi cikin shekara 20, ba ta sami shaidar cewa abincin GMO da ake ci ya fi sauran abinci hatsari ga mutum ba. Labarin ɓerayen da aka ce sun kamu da ciwon daji, wanda har yanzu hotunansu suke yawo a wayoyi, daga wani bincike ne da aka yi a Faransa a 2012. Mujallar da ta fara buga shi ta janye shi a 2013 saboda ɓerayen sun yi kaɗan, kuma irinsu dama sukan yi ƙari in sun tsufa. Zancen hana haihuwa kuwa, babu wani bincike da ya tabbatar da shi.

Amma ga hatsarin da muke gani da idonmu kowace kaka. Manomin wake yakan yi feshi sau 6 har zuwa 8 kafin ya girbe. Sau nawa muka tarar da saurayi yana feshi ba takalmi, ba abin rufe hanci, maganin yana zuba a bayansa daga injin da ya tsage? Sau nawa muka ga an wanke kwalbar magani an zuba man gyaɗa ko kananzir a ciki? Da sabon waken nan feshi sau 2 yakan isa. Wanda yake tsoron guba a abincinsa, tilas ya sa wannan ma a kan ma'auni.

Waɗansu dattawa sun ce mana wannan shisshigi ne cikin halittar Allah. Ba mu raina wannan magana ba. Abin da muke cewa shi ne, manomin da ya yi wa mangwaro aure da hannunsa shi ma ya taɓa halitta, ba mu kuwa ce ya yi laifi ba. Abin dubawa shi ne ko aikin ya kawo alheri ga mutane da ƙasar da aka ba mu amanarta, ko ya kawo ɓarna. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, kada jam'iyya ta tilasta masa, kada kuma a yi masa ba'a.

Inda masu ƙi suke da gaskiya

Kada mu ɗauka duk mai shakka jahili ne. Ga abin da ya faru a Burkina Faso. A 2008 suka karɓi audugar Bt. Manoma sun yi murna domin feshi ya ragu, har ta kai fiye da rabin audugar ƙasar ita ce. Sai kamfanonin da suke sayen auduga suka lura zarenta ya gajarce. Audugar Burkina kuwa da tsawon zare ta yi suna a kasuwar duniya. Daraja ta faɗi, aka yi hasara mai yawa, a 2016 suka daina shuka ta. Ba wanda ya yi ciwo saboda audugar. Kuskuren shi ne an yi gaggawa, an sa halin Bt cikin iri ba tare da an tsare halin da masu saye suke so ba. Darasinmu ke nan: iri yana iya kashe tsutsa amma ya kāsa a kasuwa.

Na biyu, ƙwaro yana da wayo. A Indiya manoma suka cika gonaki da audugar Bt, ba su bar wa tsohuwar auduga wuri ba. Kafin 2015 jar tsutsar auduga ta saba da sinadarin a jihar Gujarat, suka koma feshi, ga kuma tsadar iri. Dalili kuwa shi ne, in duk gonaki Bt ne, 'yan tsutsotsin da suka tsira su kaɗai za su hayayyafa, jikokinsu duka su zama masu taurin kai. In akwai wake na gargajiya a kusa, tsutsotsi marasa tauri za su rayu a can su gauraya da su, taurin ya daɗe bai yaɗu ba.

Na uku, maganar wanda yake riƙe da iri. Manomin da ba shi da irin kansa a rumbu, ran shuka sai abin da mai shago ya ce. A nan tilas mu raba wake da masara. Wake shi yake yi wa kansa barbara, saboda haka in ka ɗebi iri daga SAMPEA 20-T ka ajiye, baɗi zai tsiro, halinsa kuma yana nan. Zancen cewa ba ya tsirowa karo na biyu ba gaskiya ba ne. An taɓa ƙirƙiro dabarar kashe tsiron iri a Amurka, duniya ta yi ca a kanta, ba a kuwa taɓa sayar da ita ga manoma ba. Amma masarar TELA da aka fitar a 2024, watau SAMMAZ 72T zuwa 75T, haɗin aure ce. An yi ta ne domin tsutsar nan mai cin zuciyar masara wadda ta ɓullo a Nijeriya a 2016, da mai huda kara, da kuma jure ƙarancin ruwa. In ka ajiye 'ya'yanta ka shuka za su tsiro, amma amfanin zai ragu, gonar ta fito dogo da gajere. Haka duk masarar haɗin aure take, ko GMO ce ko ba ita ba ce. Ma'anarsa kowace shekara sai ka sayi sabon iri, sai ka ba ta taki sosai. Wanda ba shi da kuɗin taki ya yi lissafi sau biyu.

Saboda irin waɗannan damuwa ne Majalisar Wakilai ta sa a bincika al'amarin GMO a 2024. Mu a ganinmu bincike abu ne mai kyau. Doka ta ce a sa alama a kan kayan GMO, amma wa ya taɓa ganin alama a kan mudun wake a kasuwar ƙauye? Mai saye yana da hakkin ya san abin da yake saye.

Abin da sabon waken ba ya yi

Masu tallar iri ba su cika faɗin wannan ba. SAMPEA 20-T tsutsar Maruka kaɗai yake kashewa. Darɓa, da ƙananan ƙwarin da suke kaɗe fure, da masu tsotsar kwanso, duk suna nan. Shi ya sa aka ce feshi sau 2, ba a ce a daina feshi ba. Haka kuma ba ya hana ƙwaron da yake cin wake a buhu. Mun san abin da waɗansu suke zubawa cikin wake domin ajiya. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Maganin wannan shi ne buhun PICS mai riɓi uku, wanda in an ɗaure shi da kyau ƙwaro yakan mutu don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba. Sai kuma harawa. Sabon waken ɗan wuri ne, yakan nuna cikin kwana 70 zuwa 75. Mai tumaki da awaki ya duba ko harawarsa za ta kai ta kanannado mai yaɗo, gama a gidaje da yawa harawa rabin ribar wake ce.

Shawararmu ga jam'iyyu

Mu dai ra'ayinmu shi ne a gwada waken, amma da ido buɗe. Game da masarar kuwa, a fara da lissafi.

1. Jam'iyya ta ware ƙaramin fili, kamar rubu'in eka, ta raba shi biyu. Gefe ɗaya sabon wake, gefe ɗaya wanda kuka saba. A shuka rana ɗaya, a yi noma iri ɗaya.

2. Magatakarda ya rubuta kome cikin littafi: kuɗin iri, kuɗin magani, yawan feshi, mudu nawa aka samu, dami nawa na harawa.

3. A ba mata su dafa, su yi ƙosai da alala, su faɗi yadda suka gani. A kai mudu kaɗan kasuwa, a gaya wa masu saye ko wane wake ne, a ji farashin da za su taya.

4. A sayi iri a rufaffen ƙunshi mai suna da alamar hukumar kula da iri, a karɓi rasit. Duk abin da ya yi suna, 'yan jabu sukan bi shi.

5. Kada kowa ya zubar da tsohon irinsa. Kanannado, ɗan'ila, da duk wanda kuka gāda, a ci gaba da shuka su kusa da sabon. Wannan zai jinkirta taurin tsutsa, zai kuma zama madogara in sabon ya kāsa. Yana da kyau jam'iyya ta sami rumbun iri nata, a ɗora wa amintaccen mutum kula da shi.

6. Kada a ci bashi domin sabon iri a shekarar farko.

Bayan kaka a kira taro, a karanta abin da aka rubuta a gaban kowa, sa'an nan a yanke shawarar baɗi. Gani ya kori ji. Jam'iyyar da ta gwada ta aiko mana da lissafinta, ko ya yi kyau ko bai yi ba, za mu buga shi a nan domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka.