Ciyawa Ma Tana Son Hutu

Duk yaron da ya taɓa kora tumaki zuwa kiwo ya san daji iri biyu ne. Akwai wurin da ciyawa ta rufe ƙasa, har ɗan maraƙi ya shiga ya ɓace. Akwai kuma fako, watau wurin da ƙasa ta daskare kamar daɓen ɗaki, ko an kwana ana ruwa ba abin da ke tsirowa. Da yawa daga cikin fakon nan na bayan gari dā makiyaya ce. Tsofaffi sukan nuna inda suka yanki gamba suna samari, yau kuwa ko tsinke babu.

In aka tambayi manomi abin da ya kashe ciyawar, sai ya ce shanu ne. Maganarsa rabin gaskiya ce. Saniya ba abokiyar gāban ciyawa ba ce. Kashinta taki ne, kofatonta yana farfasa ƙasa yana binne iri. Ƙarangiya ma a jikin dabba take maƙalewa ta kai irinta wani wuri. Abin da ke kashe ciyawa shi ne kiwo ba hutu.

Ga yadda abin yake. Ciyawa da ganyenta take haɗa abinci cikin hasken rana, sa'an nan ta aika wa saiwa. In dabba ta ci ganyen sau ɗaya ta wuce, sai sabo ya fito, ba a yi hasarar kome ba. In kuwa kullum aka dawo aka cinye tohon, sai saiwa ta rame, ta gajarce, daga baya ta mutu. Haka gamba ke ƙarewa, gama ita daga tushenta take tohowa kowace shekara. Su kyasuwa da burburwa da harƙiya kuwa daga iri suke fitowa. In an cinye su tun ba su fid da kai ba, ba irin da zai zuba domin baɗi. Dabba kuma mai zaɓe ce, mai daɗi take fara ci, don haka sai garmani da tumfafiya, waɗanda shanu ba su so, su gaje wurin. Daga nan iska ta kwashe ƙasar sama. Ruwa ya bugi ƙasa tsirara, ya kasa nutsewa, ya gudu yana yanka kwazazzabai.

Makiyayan dā sun san wannan, ko da yake ba a littafi suka gani ba. Da damina Fulanin Nijar da Buzaye sukan yi arewa da dabbobinsu, har Azawak da Ingal inda ake lasar gishiri. Da kaka su komo gonaki, dabbobi su ci kara, su bar wa mai gona taki. Ta haka kowane daji yana samun watanni na hutu. Da mutane suka yi yawa, sai gonaki suka shiga cinye burtali da makiyaya, dabbobi suka cunkushe a wuri kaɗan. A 1961 Nijar ta yi doka ta sa wa noma iyaka daga arewa, a 1965 kuma Jihar Arewa ta Nijeriya ta yi dokar keɓe makiyaya. Amma doka a takarda ba ta tsirar da ciyawa.

Mutanen Adar, cikin jihar Tawa ta Nijar, sun nuna fako yana warkewa. Farin 1973 da na 1984 sun bar tuddansu tsirara, sai duwatsu. A 1984 aka fara babban aikin gyaran ƙasa a Keita da taimakon ƙasar Italiya. Mata ne suka yi yawancinsa, domin maza sun tafi cin rani, aka riƙa biyansu da abinci. Suka jera duwatsu a kan gangare, suka haƙa ramuka a jikin tuddai don tare ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa.

Wata dabara da ta bazu a Adar ita ce rabin wata. Akan haƙa rami marar zurfi mai siffar rabin wata, faɗinsa kamar yadi huɗu, bakinsa yana duban inda ruwa ke gangarowa. Ƙasar da aka haƙo a tara ta a bayansa. In an yi ruwa sai ya tsaya a ciki ya nutse, ya bar laka da ganye. Nan ake zuba taki, a watsa irin ciyawa, a dasa ɗan itace.

To, amma haƙa ba shi ne mai wuyar ba. Mai wuyar shi ne a hana kiwo a wurin har damina biyu ko uku. Shi ya sa ake sa mai gadi. Inda aka bar awaki suka shiga tun shekarar farko, gumin mutane ya tafi a banza.

Makiyayi yana iya cewa, to, kafin nan ina dabbobinsa za su ci? Tambayarsa daidai ce, wanda ya raina ta kuwa zai ja faɗa. Ba a rufe daji duka a lokaci ɗaya. Kamata ya yi a raba shi kashi-kashi, ana kiwo a wannan, wancan yana hutawa. In ciyawar wurin da aka rufe ta zub da iri, ana iya yankanta a kai wa dabbobi gida. Ranar da mai gari zai yi taron rabon kuma, sai a kira arɗo ya zauna tare da manoma, gama shi ya fi kowa sanin inda shanu ke bi.

Rufewa har abada ma kuskure ne. Ciyawar da ba a ci, ba a yanka, takan taru ta bushe, ta danne sabon toho, ta zama abincin wutar daji. In gamba ta kama ƙasa sosai, sai a buɗe wa shanu su ci na 'yan kwanaki, a fitar da su tun da sauran ganye a kan tushe, a kora su kashi na gaba.