Taimakon Naƙasassu: Kowace Larura Da Ƙofarta

A shekarar 2007 ne gwamnatin Jihar Jigawa, zamanin Gwamna Sule Lamido, ta soma biyan naƙasassu Naira 7,000 kowane wata domin rage bara. Wannan mataki ya share hawayen gidaje da dama a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, amma kuɗin wata iyakarsu cefane.

Abin lura shi ne, kowace larura da ƙofarta. Yaron da aka haifa kurma, makarantar kurame yake bukata tun yana ƙarami. Wanda shan inna ta taɓa, a nufi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da shi. Dattijon da yanar ido ta rufe wa gani, aiki guda kan buɗe idonsa. Mai taɓin hankali kuwa, ga asibitinsa nan a Kazaure, ya fi a ɗaure shi da mari.

Saboda haka wajibi ne dagatai da ma'aikatan jin daɗin jama'a su fara kai mutum gaban likita kafin a rubuta sunansa. In ba haka ba, mai iya warkewa zai tsufa yana jiran ƙarshen wata.