Hoton gida ba ya gaya wa mai gida yawan dutsen da zai saya

Manna dutsen ado a fuskar gini ya zama yayi a garuruwan kan iyaka, kuma 'yan kasuwar Illela da maƙwabtansu na Garu ba a bar su a baya ba. Gidan mai, jerin shaguna, ƙofar gida, katangar masallaci, ko'ina ana son a ga dutse. Abin da mai zanen gini yake miƙa wa mai gida yawanci hoto ne mai ɗaukar ido da aka fitar daga kwamfuta, a tura masa ta WhatsApp, ya yaba, ya biya. A ganina bai kamata ya biya ba sai an haɗa masa da jadawalin dutsen: faɗin wurin da za a lulluɓe, kaurin dutsen, nauyinsa, adadin na kusurwa, da yadda za a riƙe shi a jikin bango.

Manhajojin zanen gini irin su Revit na kamfanin Autodesk da ArchiCAD na Graphisoft suna ba mai zane hanya biyu. Zai iya shafa hoton dutse a fuskar bango kamar fenti, ya yi kyau a allo alhali ba shi da kauri ko nauyi. Zai kuma iya gina bangon hawa-hawa yadda magini zai gina shi: bulo, kwaɓin siminti, sannan dutse mai kaurin santimita kaza. A hanya ta biyu manhajar da kanta za ta cire gurbin ƙofofi da tagogi ta fitar da murabba'in mita na gaskiya, kuma duk ranar da mai gida ya ce a ƙara faɗin taga, lissafin zai sauya nan take. In yankakken dutse ne mai girma ɗaya, ana iya tsaga fuskar bangon gida-gida, kowane falle da lambarsa, a ware na kusurwa, na bakin taga, da na saman katanga mai hana ruwan damina shiga ta baya. Waɗannan ƙananan ne ake mantawa, su ne kuma suke tsayar da aiki.

Lissafin nan ya fi muhimmanci a Illela fiye da Abuja, saboda ƙasar da muke kai. Abin da take bayarwa marmara ce da dutsen farar ƙasa irin wanda kamfanin siminti yake haƙa a Kalambaina. Giranit sai an nausa wajen Zamfara ko gaba da nan, ko kuwa wanda aka shigo da shi ta jirgin ruwa ya haura daga Legas. In dutse ya ƙare ana tsakar aiki, mai gida zai sake biyan kuɗin mota don ɗan cikon da bai cika bayan a-kori-kura ba, kuma babu tabbas launin na biyu ya zo daidai da na farko, domin ko a mahaƙa ɗaya dutse yana bambanta. Garin da ya ga an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ya san farashi da kuɗin hannu ba sa jiran mutum. Ga kuma nauyi. Giranit mai kaurin santimita 3 yana kai kusan kilo 80 a kowane murabba'in mita, ke nan murabba'in mita 100 tan 8 ne ake rataya wa bulo mai rami, wanda sau da yawa an tsuke masa siminti. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, da hunturu dare ya yi sanyi, dutse da siminti kuwa ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna. Shi ya sa ake barin rata a wasu layuka, ake kuma kafe dutsen da ya haura kan mutum da ƙugiyar ƙarfe. Ƙugiyar da ba a rubuta a jadawali ba, ba za a saye ta ba.

Za a ce magina sun daɗe suna aikin dutse da ido, a kawo misalin Surame, birnin Kanta na Kabi, wanda ganuwarsa ta dutse tun ƙarni na 16 har yau ana ganin sauranta. Gaskiya ne, sai dai a Surame dutsen shi ne bangon, yana ɗauke da kansa. Na yau fata ce siririya da ake saye da awo a manna a jikin wani abu. Idon magini yana nan da aikinsa wajen zaɓen fuskar dutse da daidaita layi, amma ba shi zai faɗi abin da za a loda a mota daga nisan ɗaruruwan kilomita ba.

Masu cewa marmara da fasasshen dutse ba sa ƙirguwa suna da hujja, kuma mai zanen da ya zauna yana zana su ɗaya-ɗaya ɓata lokaci yake, yana nauyaya wa kwamfutarsa. A nan faɗi, kauri da tsawon kusurwoyi sun isa, tare da rarar da aka ƙara saboda fashewa, a rubuce a fili, ba a ɓoye cikin kuɗin ɗan kwangila ba. Batun tsadar manhaja da dala kuwa bai shafi mai gida ba. Wanda ya fitar masa da hoton yana da ita a hannu, akwai ma na kyauta irin FreeCAD.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce lambar kwamfuta tana iya yaudara. Bangon da aka zana mita 12 yakan tashi da ƙarin taku a fili, ko mai gida ya sa a buɗe ƙofar da babu ita a zane. Jadawalin da aka fitar kafin a aza bulo ƙiyasi ne na neman farashi. Wanda za a yi odar dutse da shi sai an gama ginin bulo, an zo da tef an auna kowane bango, an gyara zanen, sannan mai ƙididdigar kayan gini ya duba ya sa hannu. Ƙungiyar masu wannan sana'a a Nijeriya tana nan tun 1969, amma a ginin ɗan kasuwa da wuya a kira su. Kuɗin kiran nasu da na zuwa awon ya kamata su shiga cikin jinga tun ranar da aka yi ciniki da mai zane.