Wakafi Bai Tsaya ga Fili da Gini Ba

Masu rubuta cewa ba wa makaranta kyautar hannun jari caca ce, don haka attajiran Sokode da Dapaong na ƙasar Togo su tsaya ga gina azuzuwa, sun jahilci kasuwa da fiƙihu gaba ɗaya. Hannun jari mallakar wani kaso ne na kamfani mai dukiya da aiki, kamar waɗanda ake cinikinsu a kasuwar BRVM ta Abijan tun 1998, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Sharja a 2009, ta halatta wakafinsa, wato tsare asalin dukiya a ciyar da ribarta, muddin sana'ar kamfanin halal ce.

Inda marubutan nan suke da gaskiya shi ne takardun bashi masu kuɗin ruwa, amma ko nan gwamnatin Togo ta fitar da sukuk a 2016, takardun da ribarsu ke fitowa daga hayar kadara. Jami'ar Kara, wadda 'ya'yan garuruwan biyu ke karatu a cikinta, tana buƙatar kuɗin da ke shigowa duk shekara domin littattafai da tallafin ɗalibai marasa galihu, abin da gini ba ya samarwa, domin shi kansa gyara yake nema.