Tumatir da mangwaro: kada mu bar gumin mu ya ruɓe a kwando



Kowace shekara, daga Dogarawa har Jiratawa da Mirriya, ana ɗiban tumatir mai kyau, amma kafin ya kai kasuwa wani ya rigaya ya ruɓe. Haka mangwaro ke yi lokacin bazara. Sai mu ce zafi ne. Gaskiya zafi na da laifi, amma mu ma da namu. Abin da masana suka gano zai taimake mu mu rage wannan asara.

Ga abin da suka gano. Ɗan itace in ya kusa nuna, yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, sunanta etilan. A 1934 wani masani a Ingila ya tabbatar da haka a jikin tuffa. Wannan iska ce ke sa ɗan itace ya yi laushi, ya canza launi, ya yi zaƙi. Nunanne yana fitar da ita da yawa. Wanda ya bugu ko ya fashe shi ma haka. Iskar kuwa ba ta tsaya ga mai ita ba, tana kama na kusa da shi. Ka ga ke nan, tumatir guda da ya fashe a kwando sai ya hanzarta sauran. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Don haka, ɗan uwa, ka ware nunannu dabam, ɗanyu dabam, fasassu kuma a fitar da su. Kada ka cika kwando har na sama ya danne na ƙasa. In kasuwa na da nisa, ka ɗebi tumatir tun ya fara ja kaɗan, zai ƙarasa nuna a hanya. Mangwaro da ayaba da gwanda su ma suna ƙarasa nuna bayan an tsinke su, in dai sun ƙosa. Amma lemu da kankana ba su ƙara zaƙi bayan tsinka, sai a bar su su nuna a jikin uwa.

Sai maganar zafi. In zafi ya wuce digiri 30, tumatir ba ya yin ja sosai, sai ya yi ruwan ɗorawa. Ka ɗeba da sassafe, ka ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa.

Ban ruwa ma na da dokarsa. Shuka in ta ji ƙishi, tana rufe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye don kada ruwa ya fita, girma kuma sai ya tsaya. In ka bar tumatir ya sha ƙishi, sa'an nan ka cika shi da ruwa gaba ɗaya, ƴaƴan sai su tsage, wasu gindinsu ya yi baƙi. Gara ruwa daidai gwargwado a kan lokaci.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu bari. Wasu na sa karbir, dutsen nan na masu walda, cikin mangwaro ɗanye don ya yi launi da sauri. Fata ta yi kyau, ciki kuwa tsami. Ban da haka, dutsen yakan zo da guba mai cutar da mutum. Ƴaƴanmu ne ke shan mangwaron nan. Mai saye kuma in ka cuce shi yau, gobe ba zai tsaya a gabanka ba. In kana son nuna da sauri, ka sa nunannu kaɗan cikin ƙosassu, ka rufe da ciyawa busassa. Iskar nan za ta yi maka aikin, ba kuɗi, ba cuta.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta ma maƙwabcinsa. Allah shi ba mu amfani mai albarka da kasuwa mai kyau, amin.