Golf ba yawon shan iska ba ne: Abin da ciwon bayan Tiger Woods ke nuna wa masu buga wasan

A watan Yunin 2008, a filin Torrey Pines da ke jihar Kalifoniya a Amurka, Tiger Woods ya lashe gasar US Open yana ɗingishi. Jijiyar da ke riƙe gwiwarsa ta hagu ta tsinke, ƙashin ƙaurinsa ya tsage wuri biyu, amma haka ya buga ramuka 91 cikin kwana biyar kafin ya doke Rocco Mediate.

Kwana biyu da ɗaga kofin ya sanar da cewa za a yi masa tiyata. Ba a sake ganinsa a gasa ba sai bayan wata takwas.

Har gobe ana ba da wannan labari a matsayin jarumta, kuma jarumtar ce, babu musu. Sai dai mugun abin koyi ne ga mutumin da ke buga golf ranar Asabar don nishaɗi, wanda ba shi da likitoci a bayansa, ba kuma kofin duniya yake nema ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi cancantar a riƙa tunawa. Woods ya yi shekara 11 bai sake cin ko ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na golf ba. An yi masa tiyatar baya a 2014, aka sake yi sau biyu a 2015. A watan Afrilun 2017 likitoci suka haɗe masa ƙasusuwa biyu na can ƙasan gadon baya suka zama ɗaya. Zuwa ƙarshen wannan shekarar, mutumin da ya fi kowa daɗewa a matsayin na ɗaya a duniya ya gangara zuwa na 1,199.

Ya dawo ya ci gasar Masters a 2019 yana da shekara 43, abin da ya girgiza duniyar wasanni. Amma bayan nan ma an sake shiga da shi ɗakin tiyata saboda bayan, kuma ba sau ɗaya ba.

Kallon kitse ake yi wa rogo

Wanda ya tsaya daga nesa zai ga golf wasa ne na masu hutu: ciyawa kore shar, mutane na tafiya a natse, babu gudu, babu karo da juna. Shi ya sa ake yi masa laƙabi da wasan manya, kuma shi ya sa mai shekara 55 da ya daina ƙwallon ƙafa tun yana saurayi yake ganin ya samu wasan da ba zai taɓa masa jiki ba.

Tafiyar dai gaskiya ce, kuma tana da amfani. Wanda ya zagaye ramuka 18 da ƙafa yakan yi tafiyar kilomita takwas zuwa goma cikin kusan awa huɗu. Zuciya na son haka, mai hawan jini da mai ciwon suga ma haka.

Matsalar tana cikin dukan ƙwallon. Daga ɗaga sanda zuwa sauke ta bai kai daƙiƙa biyu ba, kuma a hannun ƙwararru kan sandar yakan wuce gudun kilomita 180 a awa. Cikin wannan ɗan lokaci jiki yana murɗawa gefe guda, ya warware da ƙarfin tsiya zuwa ɗaya gefen, sannan ya taka burki. Masu bincike da suka auna abin sun ƙiyasta cewa matsin da ke sauka a ƙasan baya yakan kai ninki takwas na nauyin jikin mutum.

Kuma kullum gefe ɗaya ne. Mai buga wasa da hannun dama haka zai yi ta juyawa ta hanya ɗaya, yau da gobe, shekara da shekaru. Woods tun yana ɗan shekara biyu aka nuna shi a talabijin yana dukan ƙwallo, ke nan kafin tiyatar bayansa ta farko ya haura shekara 30 yana wannan murɗe-murɗe.

Ƙasan baya ba a halicce shi don juyi mai yawa ba. Aikinsa tsayuwa da ɗaukar nauyi. Masu juyawa su ne kwatangwalo da kuma saman baya, daidai ƙirji. Idan waɗannan biyun suka sandare, kamar yadda zaman kujera daga safe zuwa yamma yake sandarar da su, to juyin ba fasawa yake ba, ƙasan baya ne ke karɓar aikin da ba nasa ba. A hankali faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya gaji, wata rana ya bulluƙo ya danne jijiya.

Ba kuma sai tsoho ba. Will Zalatoris, ɗan Amurka, yana da shekara 26 ya janye daga gasar Masters ta 2023 ana dab da farawa, aka wuce da shi tiyatar baya.

Daga ofis zuwa fili

Idan ƙwararren da ke da mai horarwa da likitan gashin ƙashi a gefensa bai tsira ba, sai a duba halin ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke zuwa filin IBB a Abuja, ko filayen golf na Kaduna da Kano, ko na Rayfield a Jos. Ya yi kwana biyar a kujera da cikin mota. Ranar Asabar ya fito daga mota, ya gaisa da abokai, ya zaro sanda mafi tsawo a jaka, ya yi dukan da ya fi ƙarfi a ranar da jikin da bai farka ba tukuna.

A nan kuskuren yake. An ɗauki golf shi ne motsa jikin, alhali wasa ne da sai an motsa jiki dominsa.

Bayan ciwon baya, gwiwar hannu da wuyan hannu su ne suka fi damun waɗanda ba ƙwararru ba. Dalilin a fili yake: wanda hannunsa bai faɗa ba yakan damƙe sanda kamar za a ƙwace masa, kuma yakan daki ƙasa kafin ƙwallo. Da damina ƙasar takan yafe masa. Da rani kuwa, lokacin da ta bushe ta yi tauri, duk girgizar a hannunsa take ƙarewa. Kuɗin da ake kashewa a sabuwar sanda mai tsada, da an ba wa mai koyarwa rabinsa ya gyara riƙo da tsayuwa, da an huta da ɗaure gwiwar hannu.

Maganin ba wani abin a zo a gani ba ne. Minti goma kafin dukan farko: tafiya da sauri har jiki ya yi ɗumi, tsugunawa da tashi, juya kafaɗu da sanda a saɓe a wuya, lilo da ƙafa gaba da baya. Sannan a fara da gajeren sanda da rabin ƙarfi, a hau a hankali. A cikin mako kuma, kwana biyu ko uku na atisayen da ke ƙarfafa ciki, ɗuwawu da cinyoyi, domin su ne ke kare baya. Ba sai da gidan motsa jiki ba, tabarma ta isa.

Ƙarfi daban, lafiya daban

Akwai masu cewa ai Woods ne ya shigo da ɗaga ƙarfe cikin golf, ga shi kuma jikinsa ya fi na kowa lalacewa, don haka atisayen ne ma matsalar. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Shi da kansa ya taɓa cewa gudun da yake yi na sama da mil 30 a mako, kimanin kilomita 48, a shekarunsa na farko na ƙwararren ɗan wasa, shi ya lalata masa gwiwoyi. Jijiyar gwiwar ma a wajen gudu ta tsinke a 2007, ya kuma ci gaba da wasa a kanta kusan shekara guda.

Amma wannan hujja ce a kan wuce gona da iri da ƙin hutu, ba a kan atisaye ba. Gary Player na Afirka ta Kudu, wanda aka haifa a 1935, ya rungumi motsa jiki tun zamanin da abokan wasansa ke yi masa dariya. Ya ci manyan gasanni tara, na ƙarshe yana da shekara 42, kuma ya haura shekara 80 yana buga wasa. Bernhard Langer na Jamus ya ci gasa a rukunin dattawa a watan Nuwamban 2024 yana da shekara 67. Babu ɗayansu da ke da ƙirar ɗan dambe. Abin da suke da shi jiki ne mai lanƙwasuwa da kuma naci, kullum kaɗan-kaɗan.

Abin dariya ma, Langer ya tsinka jijiyar agararsa a farkon shekarar 2024 ba a filin golf ba, a wajen wani wasa mai kama da tanis. Haka Rory McIlroy a 2015: ya je buga ƙwallon ƙafa da abokai ya yaga jijiyar idon sawu, ya rasa damar kare kambinsa na gasar Open a St Andrews. Jikin da ya saba da abu ɗaya ba ya son a ba shi mamaki.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba a wannan zance, wato yaron da ke ɗaukar jaka. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14, ga ƙwallaye, ga ruwa, ga lema, duk a kafaɗa ɗaya na tsawon awa huɗu cikin rana. Jaka mai maɗauri biyu ko keken ja ba su kai kuɗin sanda ɗaya ba. Ya kamata shugabannin filaye su mayar da wannan ƙa'ida, kamar yadda suke da ƙa'idar irin rigar da za a saka.

Ƙwaya ba ta gyara abin da ya tsage

Mafi haɗarin ɗabi'a ita ce haɗiyar maganin kashe ciwo kafin a shiga fili. Jiki magayi ne, ciwo kuma saƙo ne. Wanda ya toshe saƙon da ƙwaya ya je ya yi duka ɗari, bai warke ba, ya dai hana kansa jin ɓarnar da yake ƙarawa. Ga kuma illar da irin su diclofenac da ibuprofen ke yi wa ciki da ƙoda idan aka mayar da su abincin kullum, balle a ranar zafi da mutum ke zubar da gumi bai sha ruwa sosai ba.

Labarin Woods ya taɓo nan ma. A watan Mayun 2017, makonni kaɗan bayan babbar tiyatar bayansa, 'yan sanda a jihar Florida suka same shi yana barci a cikin mota a bakin hanya. Gwaji bai nuna giya a jikinsa ba. Abin da aka samu ya haɗa da magungunan kashe ciwo da na barci. Daga baya ya nemi taimakon ƙwararru kan yadda yake shan su.

Tsamin jiki washegarin wasa ba abin tayar da hankali ba ne, yakan wuce cikin kwana biyu ko uku. Wanda ba a wasa da shi shi ne ciwon da ya ƙi tafiya bayan mako biyu na hutu, ko wanda ke tashin mutum daga barci, ko wanda ke harbawa daga ƙugu ya bi ta cinya har tafin ƙafa. Irin wannan na likita ne, ba na mai tausa ko mai ɗori ba, kuma a ajiye sanda har sai an duba.

Idan kuwa ƙafa ta fara mutuwa ko ta yi sanyi har mutum na jan ta, ko gaba da tsakanin cinyoyi suka daina ji, ko fitsari da bayan gida suka fara kuɓucewa, to jijiyoyi ne suka matsu. A ranar ake tafiya asibiti, ko da tsakar dare ne.