Layin dogon da ya tsaya a Dosso, Gaya na jira

A ranar 7 ga Afrilun 2014 shugabannin Nijar, Benin da Togo suka hallara a Yamai don ƙaddamar da aikin layin dogo, aka ce jirgin ƙasa zai ratsa Dosso da Gaya ya kai Kwatano. A Janairun 2016 aka yi bikin kammala kusan kilomita 140 tsakanin Yamai da Dosso. Daga nan jirgin bai taɓa shiga jigilar fasinja ko ta kaya ba.

Kamfanin Bolloré na Faransa ne ya shimfiɗa dogon, kuma ya soma aiki tun kafin a sa hannu kan yarjejeniya. Sai a 2015 aka kafa Bénirail, inda Bolloré ya riƙe kashi 40 cikin ɗari, don ya gaji OCBN, tsohuwar hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa a 1959. Ita ma OCBN dogonta bai taɓa wuce Parakou ba, kilomita 438 daga teku. Sauran tafiyar manyan motoci ne ke yin ta.

Ashe akwai wanda ya riga Bolloré. Attajirin Benin Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya ce shi aka bai wa kwangilar tun 2010. Kotun Kwatano ta tsayar da aikin a 2015, kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2017. Ga kuma gardamar faɗin dogo: Bolloré ya sa mai mita ɗaya irin na zamanin Turawa, Dossou na son na zamani. A 2022 Bolloré ya sayar wa MSC harkokinsa na sufuri a Afirka, ya kama gabansa.

A ganinmu, laifi mafi girma na gwamnatocin biyu ne, da suka yi wa mutum biyu alkawarin abu ɗaya. Dogon da bai haɗu da tashar jiragen ruwa ba, me zai ɗauko?

Gaya ce ta fi kowa asara. Garin na bakin gadar Malanville, ga Kamba ta Najeriya kusa, kuma tun rufe iyaka a 2023 a kwale-kwale ake tsallakawa da kaya. Abin haushi, bututun man Agadem mai kusan kilomita 2,000 ya ratsa yankin har ya isa teku. Wato in an ga riba, ana iya gama aiki.

Muna kira ga hukumomin Yamai su fito da yarjejeniyar Bénirail fili, su faɗa wa 'yan ƙasa wa ya mallaki dogon da kuma ko akwai bashi a kansa. Kuma tunda layin Kano zuwa Maraɗi mai faɗin zamani ne, a tsayar da magana kan faɗin da za a bi kafin a sake aza ƙarfe ko ɗaya a hanyar Gaya.